Ɗana ya samu saɓani da kocinsa na besbol: in je in same shi ko in ƙyale?

"Assalamu alaikum. Muna zaune a Bronx, cikin birnin New York. Ɗana yana da shekara 16, yana aji na goma a makarantar gwamnati, kuma tun yana ɗan shekara 8 yake buga besbol. Bara kocinsa har yabonsa yake yi, bana kuwa abu ya dagule. An yi wasa shida, sau biyu kacal aka ba shi sanda ya yi bugu. Ranar Talata aka sa shi jifa, ya jefa ƙwallo 84, ranar Juma'a aka sake sa shi, ya dawo gida yana riƙe da gwiwar hannu. Ya ce kocin ya daka masa tsawa a gaban sauran 'yan wasa wai ba ya kallonsa idan yana magana, kuma tun da ya rasa atisaye biyu cikin azumi kocin ya sauya masa fuska. Yanzu yaro ya ce zai bar wasan. Babansa ya ce a ƙyale, malami uba ne. Ni kuma zuciyata tana gaya mini in je in same shi. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

A fuska tambayarki ɗaya ce, a je ko a ƙyale, amma idan aka warware ta abu uku ne suka cakuɗe. Akwai rashin sa shi bugu, akwai tsawa da sauya fuska, akwai kuma hannun nan da ya dawo yana riƙewa. Ke da maigida kowa yana da gaskiyarsa. Wa zai yi bugu, wa zai zauna a benci, wannan hurumin koci ne, kuma a nan shawarar Alhaji ta yi daidai. Maganar tsawa yaron ne ya kamata ya fara tunkararta da bakinsa. Hannu kuwa naku ne ku iyaye, ba a ƙyale shi, ba a kuma jiran izinin kowa a kansa. Abin da ya fi ɓata irin wannan lamari shi ne uwa ta kwashi ukun a faifai ɗaya ta kai wa koci cikin fushi. Abin da zai ji kawai shi ne ga wata ta zo nema wa ɗanta gurbi, sai ya toshe kunne har ga maganar da ta fi kowace nauyi.

Ki kuma riƙe a ranki cewa bakin yaro kaɗai muka ji, ni da ke. Ban ce ƙarya yake yi ba, amma ɗan shekara 16 da aka kunyata a gaban abokansa yakan tuna tsawar, ya manta abin da ya jawo ta. Duk abin da zan faɗa a kan maganarki na gina shi, ban kuma taɓa hannun yaron ba.

Gwiwar hannu tukuna

Jifan besbol ta saman kafaɗa ake yin sa, da iyakar ƙarfi, kuma a kowane jifa nauyin yana sauka ne a kan wata siririyar jijiya da ke gefen ciki na gwiwar hannu, gefen da ke gogar haƙarƙari idan mutum ya saki hannunsa tafi yana kallon gaba. Likitocin can suna kiranta UCL. Ita ce idan ta tsinke ake yi wa mai jifa tiyatar da aka sani da sunan Tommy John, ɗan wasan Los Angeles Dodgers da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974. Mai jifa yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi kafin ya koma fili bayan wannan aiki. Ga ɗan shekara 16 kuma akwai ƙarin hatsari, domin wuraren da ƙashi ke tsawo a gwiwar hannu da kafaɗa, waɗanda har yanzu guringuntsi ne a jikin wasu yaran, ba lallai sun gama rufewa ba. Idan ba su rufe ba, su ne ke fara ba da kai kafin jijiya.

Saboda haka ne babbar ƙungiyar besbol ta Amurka, MLB, tare da USA Baseball, hukumar besbol ta ƙasar, suka fitar da ƙa'idar da suke kira Pitch Smart a 2014. Ga ɗan shekara 15 zuwa 16, iyakar jifa a yini ɗaya 95 ne. Wanda ya jefa 30 ko ƙasa da haka zai iya sake jifa washegari. Daga 31 zuwa 45 hutun yini ɗaya, daga 46 zuwa 60 yini biyu, daga 61 zuwa 75 yini uku, daga 76 zuwa sama kuma yini huɗu cur. To ki ɗora lissafin ɗanki a kai. Jifa 84 ranar Talata yana nufin hutun Laraba, Alhamis, Juma'a da Asabar, sai Lahadi ya sake hawa tudun jifa, wato ɗan tudun tsakiyar fili da mai jifa ke tsayawa a kai. An mayar da shi ranar Juma'a bayan hutun yini biyu, rabin abin da ya kamata.

Sai dai kada ki yi saurin cewa koci ya karya doka. Pitch Smart shawarar masana ce. Dokar da ta ɗaure koci ita ce ta hukumar da ke shirya gasar. Tun kakar 2017 hukumar wasannin sakandare ta ƙasa, NFHS, ta wajabta wa kowace jiha ta kafa dokar ƙirgen jifa, amma ta bar wa kowace ta yanke adadinta. Wasu dokokin sun fi Pitch Smart sassauci, wasu kuma dare suke ƙirgawa maimakon yini, ta yadda daren Talata, na Laraba da na Alhamis za su zama hutu uku. Makarantun gwamnati na birnin New York suna ƙarƙashin hukumar wasanninsu ne, PSAL, kuma tana da tata dokar a rubuce. Ki roƙi daraktan wasanni na makarantar ya ba ki kwafi. Mai yiwuwa ki tarar kocin yana cikin doka, amma wannan ba zai sa hannun ya daina ciwo ba. Kuma babu dokar da ta yarda a sa yaro jifa yana jin ciwo.

Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa ta ASMI da ke Birmingham a jihar Alabama ta daɗe tana bin wannan al'amari. A wani bincike da ta wallafa a 2006 ta gano cewa matasan da suka saba jifa hannunsu a gajiye sun ninka sauran sau 36 wajen yiwuwar kaiwa ga tiyata, waɗanda kuma ke jifa sama da wata 8 a shekara sun ninka sau 5. Wannan adadi na biyu ya shafe ku a gida, ba koci kaɗai ba. Idan yaron yana buga wa wata ƙungiyar unguwa a ƙarshen mako, ko yana jifa rani da damina babu tsayawa, to jifan da kocin makaranta ya ƙirga ba shi ne duka ba. Pitch Smart ta ce kada yaro ya yi wa ƙungiya biyu jifa a lokaci guda, kada ya haɗa jifa da tsugunnon cafke ƙwallo a bayan mai bugu, kuma a kowace shekara ya samu aƙalla wata 4 ba jifan gasa, wata 2 zuwa 3 daga ciki a jere ba ya jefa komai ta saman kafaɗa.

Abin yi daga yau shi ne ya ajiye ƙwallo gaba ɗaya, har jefe-jefen wasa da ƙanne a tsakar gida. Ki zaunar da shi ki ce ya nuna miki wurin da yatsa ɗaya. Tsamin jiki na bayan wasa yakan bazu ne a tsokar dantse da bayan kafaɗa, yaro ya shafa wurin da tafin hannu, kuma yakan tafi cikin yini ɗaya ko biyu. Idan ya ɗora yatsa a kan ƙashin nan mai tudu na gefen ciki, ko ɗan ƙasa da shi, ya ce nan ne, magana ta canza. Ki tambaye shi ko ya ji wani abu ya yi ƙas a lokacin jifa, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna masa zugi ko mutuwa, ko hannun yana miƙewa sosai kamar ɗaya hannun, ko akwai kumburi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa dalilin ganin likita cikin kwanakin nan, ba sai an gama kakar wasa ba. Ko babu ɗaya ma, ciwon da ya wuce kwana biyu zuwa uku a kai shi. Ku fara da likitansa na yara ku nemi ya tura ku wajen likitan ƙashi mai duba 'yan wasa. Sau da yawa akan ɗauki hoton gwiwa biyun domin a gwada mai ciwo da mai lafiya, idan ana zargin jijiya kuma a yi hoton MRI mai nuna jijiyoyi.

Kada a ba shi maganin kashe zafi domin ya samu ya yi wasa, wannan rufe ido ne a kan rami. Kuma ki karɓo takarda daga likita mai cewa ba jifa sai rana kaza ko sai an sake dubawa, ki kai kwafi ga nas ta makaranta da daraktan wasanni. Takardar nan ta fi dogon bayani amfani, domin tana fitar da maganar daga bakin uwa ta mayar da ita ta hukuma, koci kuma ba shi da ta cewa. Idan lokacin komawa ya yi ba tudun jifa ake hawa kai tsaye ba. Akan fara da jifa mai sauƙi daga ƙafa 45, a matsa zuwa 60, 90, 120, ana tsallake yini a tsakani, sannan a hau tudu da rabin ƙarfi.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi masa a hankali, ba da faɗa ba: ranar Juma'ar nan ya gaya wa koci hannunsa bai warware ba? A mafi yawan irin wannan lamari amsar a'a ce. Yaron da ke ganin an juya masa baya ba zai ce ba zan iya ba a ranar da aka miƙa masa ƙwallo. Idan bai faɗa ba, laifin koci ya ragu zuwa na rashin tambaya. Idan kuwa ya faɗa aka ce ya daure, wannan babban laifi ne, kuma daraktan wasanni ya kamata ya ji shi a makon nan.

Maganar benci

A nan zan ɗan saɓa wa yadda kika karanta lamarin. Kocin da ya yi watsi da yaro ba ya barinsa ya jefa ƙwallo 84, balle ya sake nemansa bayan kwana uku. Wanda aka ba tudun jifa sau biyu a mako ɗaya an dogara da shi ne, har ma dogaron ya yi yawa. Rashin bugun kuma yana da bayani a cikin dokar wasan. A sakandare an yarda koci ya sa wani ɗan wasa na daban ya riƙa yin bugu a madadin ɗaya daga cikin tara da ke fili, kuma galibi mai jifa ake ɗauke wa. Kocin da ya ga yaro jifa ne abincinsa yakan hana shi gudu da zamewa a ƙasa a sauran ranaku. Yaro yana ganin horo ne, shi kuwa koci yana ganin ya ba shi matsayi.

Iyaye da yawa sun saba da ƙa'idar Little League, gasar ƙananan yara, inda dole kowane yaro ya shiga wasa. A sakandare babu wannan. Gurbi tara ne, 'yan wasa kuma sukan kai 15 zuwa 20, zagaye 7 ake yi, kuma wanda ya shigo daga benci idan aka fitar da shi ba ya sake komawa a wasan, don haka koci ba ya yawan canji kamar yadda muka saba gani a ƙwallon ƙafa ta unguwa. Ɗan aji goma kuma yana gogayya ne da 'yan aji sha ɗaya da sha biyu. Littafin ƙa'idar wasanni na makarantu da yawa ya faɗa ƙarara cewa koci ba zai tattauna da iyaye a kan yawan lokacin wasa, dabarun wasa, ko wani yaro da ba nasu ba. Abin da aka yarda iyaye su tambaya shi ne yadda ake mu'amala da ɗansu, halinsa, da abin da zai gyara. Ki bar maganar benci a gida.

Sunkuyar da kai, da azumi

Wannan tsawar ta "ba ka kallona" ita ce na fi jin takaicinta, domin tarbiyyar da kuka yi masa ce ta jawo masa. Mu a wurinmu yaro ba ya zuba wa babba ido. Idan ana masa faɗa ya sunkuyar da kai, ya yi shiru, kada ya mayar da magana, shi ne mai ladabi. Kocin Ba'amurke kuwa akasin haka ya taso da shi. Yana so idan yana magana yaro ya kalle shi cikin ido, ya gyaɗa kai, ya amsa da murya a ji. Wanda ya dubi ƙasa ya yi shiru, a wajensa raini ne, ko gundura, ko taurin kai. Da zarar koci ya ɗaga murya sai yaro ya ƙara sunkuyawa, shi kuma ya ƙara harzuƙa, kowannensu yana ganin ya yi abin da ya dace. Malaman aji a Bronx da yawa sun san wannan saboda yawan 'ya'yan Afirka ta Yamma da ke gabansu, amma ba kowane koci ne ya taɓa jin bayanin ba.

Gyaran ta fuska biyu ne. Ku gaya wa yaron a fili, musamman babansa, cewa a filin wasa kallon koci cikin ido shi ne ladabin wurin, kuma ba ku ɗauke shi fitsara ba. Yana buƙatar ya ji izinin daga bakinku, in ba haka ba jikinsa ba zai yarda ba. Shi kuma kocin jimla biyu ta ishe shi: a gidanmu haka yaro ke girmama babba, ba raini ba ne, kuma yana koyon naku. Kocin kirki yakan ji kunya idan ya gane.

Azumi kuma a 'yan shekarun da suka wuce ya riƙa faɗowa daidai lokacin da ake zaɓen 'yan wasa da atisayen share fage. A 2024 an ɗauki azumi wajen 11 ga Maris, a 2025 a farkon Maris, kuma watan Maris ɗin ne ƙungiyoyin sakandare na New York ke fara shiri. A makonnin nan koci ke yanke wa zai tsaya ina. Ƙungiyoyi da yawa suna da ƙa'idar cewa wanda ya rasa atisaye ba tare da sanarwa ba zai zauna a wasa na gaba, ko wane ne shi. Abin dubawa shi ne, yaron ya sanar kafin ranar, ko kuwa bai je ba ne kawai, kunya ta hana shi cewa azumi ne ya kayar da shi? Idan bai sanar ba, koci ya ga yaro ne da ya ɓace kwana biyu babu dalili, kuma sauya fuskar tana da tushe da za a iya gyarawa da ban haƙuri. Idan ya sanar cewa ibada ce aka hukunta shi a kanta, to wannan ya fita daga hurumin koci. Jihar New York tana da dokar kare mutuncin ɗalibai, DASA, da ta fara aiki a 2012, wadda ta hana ma'aikacin makarantar gwamnati ko ɗalibi tsangwamar yaro saboda addininsa, ibadarsa, launinsa ko asalinsa, har a wajen wasannin makaranta, kuma kowace makaranta tana da ma'aikacin da aka ɗora wa karɓar irin wannan koke. Makarantun gwamnati na birnin suna rufewa ranar Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah tun shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016. Neman a yi la'akari da azumi ba roƙon alfarma ba ne. Sai dai baɗi a rubuta wa koci tun kafin a ga wata, a gaya masa ranakun, a ce yaro zai zo atisaye amma a rage masa gudu da yamma.

Ina iyakar tsawa?

Ba kowace tsawa ce zalunci ba. Koci ya ɗaga murya a kan abin da yaro ya yi, bai tsare wurin da aka ba shi a fili ba, bai gudu da ƙarfi ba, ya manta alamar da aka ba shi, wannan yana cikin wasa, ko da ba shi ne salon da ya fi ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bar aikin a koma kan mutumin: zagi, yi wa sunansa ko harshensa ko addininsa ba'a, kiransa banza a gaban jama'a kullum, tura shi ko cakumar riga, hana ruwa, sa gudu a matsayin horo har yaro ya faɗi, umartar sauran yara su ƙaurace masa. Haka nan babba ya riƙa aika wa yaro saƙon sirri da dare ko neman keɓewa da shi. Waɗannan ba a bin matakai a kansu, daraktan wasanni da shugaban makaranta ake zuwa kai tsaye, a rubuce. Ki tambayi ɗanki ainihin kalmomin da aka faɗa, sau nawa, a gaban wa. Abin da kika kawo, tsawa ɗaya a kan kallo, bai kai can ba tukuna.

Yadda za a yi zaman

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Yaron ne zai fara zuwa, shi kaɗai, ba a ranar wasa ba. Ya sami koci kafin atisaye ya ce yana neman minti biyar idan an tashi. Ku yi gwaji a gida, babansa ya zama koci, ya kalle shi cikin ido ya faɗi abu uku: hannuna yana ciwo tun Juma'a kuma zan ga likita, ban kyauta ba da ban sanar da kai ranakun da na rasa ba, azumi nake yi, me kake so in gyara domin in samu bugu? Tambayar ƙarshen nan ta halatta daga bakin ɗan wasa duk da ba ta halatta daga bakin uwa ba. Kada ya ambaci sunan wani yaro, kada ya ce ai na fi wane. Ya saurari amsa har ƙarshe, ya yi godiya, ya zo gida ya rubuta abin da aka ce masa.

Ke kuma imel za ki aika, gajere, a kan hannu kaɗai: ranar da ya yi jifa, adadin, ranar da aka sake sa shi, ciwon da yake ji, da cewa ba zai yi jifa ba sai likita ya sallame shi. Babu zargi a ciki, babu maganar benci. Akwai al'adar da makarantu da yawa ke bi ta barin awa 24 bayan wasa kafin iyaye su tunkari koci, ki kiyaye ta. Kada a tare shi a bakin fili ko wajen ajiye motoci, kada kuma a kai maganar zauren WhatsApp na iyaye, domin kafin gari ya waye ta isa kunnensa da ƙari.

Ku ba zaman yaron mako guda. Idan fuska ta saki, shi ke nan, kin huta. Idan ba ta saki ba ku nemi zama, ke da Alhaji da yaron, minti 15 zuwa 20 a makaranta. Ki fara da tambayarsa yadda shi yake ganin yaron bana, ki bar shi ya yi magana. Sau da yawa a nan iyaye ke jin abin da ba a gaya musu a gida ba, makara, ko jefar da hular kwano cikin fushi, ko makin aji da ya faɗi har yana barazana ga cancantarsa ta wasa. Sannan ki kawo naki. Idan Turanci zai ba ku wahala, makarantun birnin suna ba iyaye tafinta kyauta idan an nema tun da wuri. Kada ku sa yaron ya yi muku tafinta a shari'ar da ta shafe shi. Bayan zaman ki aika imel na layi uku mai maimaita abin da aka amince. Idan wannan bai yi ba sai daraktan wasanni, bayansa shugaban makaranta. Duk wanda ya tsallake koci ya tafi sama a kan ƙaramin abu, tambayar farko da za a yi masa ita ce ko ya yi magana da koci.

Ki kuma sayi ɗan littafi. Kowace ranar jifa ki rubuta kwanan wata, adadin jifa, da yadda hannun ya kwana. Ƙungiyoyi da yawa suna amfani da manhajar GameChanger, wadda ke nuna ƙirgen jifa a waya ana cikin wasa, amma ba ta ƙirga na ɗumama jiki da na atisaye, waɗannan sai ki tambayi yaron.

Idan ya dage zai bari

Kada ki ce masa a'a, kada kuma ki ce to. Ki ce ba a yanke wannan shawara da hannu mai ciwo, a bari a ga likita, a yi zaman, kakar ma makonni kaɗan suka rage. Ki lura ko wasan ne ya fita ransa ko kocin. Yaron da har yanzu yake kallon wasan ƙungiyar Yankees ta New York a waya yana juya ƙwallo a hannu bai gaji da besbol ba. Idan kuwa barci ya ƙaurace masa, ya rage cin abinci, ya daina fita wajen abokai, maki yana zubewa, to lamarin ya wuce fili, a haɗa shi da mai ba ɗalibai shawara a makaranta ko likitansa.

Sauya makaranta saboda koci ba abin gaggawa ba ne. Hukumomin gasa suna da dokokin canjin makaranta, kuma yaron da ya koma wata don wasa yana iya rasa damar bugawa na tsawon lokaci, sai an karanta dokar kafin a motsa. Idan burinsa jami'a ne, ki sani masu horarwa na manyan jami'o'i na rukunin farko a NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba sa fara tuntuɓar ɗan wasa sai 1 ga Agusta kafin shigarsa aji sha ɗaya, wato bazarar nan mai zuwa ga ɗanki, kuma sukan kira kocin sakandare su tambayi halin yaro. Cikin masu buga besbol a sakandare, waɗanda ke kaiwa ga bugawa a NCAA ba su kai ɗaya cikin goma ba, don haka kada a sayar da lafiyar hannu ko karatu saboda wannan. Idan aka rufe kaka akwai ƙungiyoyin bazara, irin su shirin RBI na MLB da aka kafa domin yaran cikin birane, inda zai samu wani kocin da wata iskar, muddin likita ya sallame shi kuma an ware masa watannin hutunsa.

A kwanakin da ba ya jifa kada ya zauna a gida. Ya sa rigarsa ya je kowane atisaye da kowane wasa, ya riga kowa isowa, ya taya ɗaukar kaya, ya kuma roƙi koci ya ba shi takardar ƙirgen jifa ya riƙa cikewa daga benci.